Nasiha Ga Ɗalibai Masu Shirin Jarrabawa Game Da Wayar Hannu

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

Ya ku ɗalibai maza da mata, da ku iyaye masu karanta wannan mujalla, darasinmu na wannan fitowa ya shafi yaranmu na ajin ƙarshe na sakandare, waɗanda da safe suna boko, da yamma suna nan tare da mu. Cikin shekara ɗaya za su fuskanci WAEC da NECO da JAMB, wasu har da ta NBAIS ta masu karatun Larabci. Kuma da wuya ka sami wanda babu waya a hannunsa, ko tasa ko ta yayansa.

Ya kai ɗalibi, fara sanin abin da ake nema daga gare ka. Jami'a tana son kiredit biyar, ciki har da Turanci, da kuma Lissafi a mafi yawan fannoni. JAMB kuwa tun 2015 a kan kwamfuta ake yin ta gaba ɗaya: darussa huɗu, tambayoyi 180, cikin awa biyu. Ɗauki alƙalami ka raba, za ka ga kowace tambaya daƙiƙa 40 ce rabonta. Waya kuma a bakin ƙofa ake rabuwa da ita. A sakamakon farko da hukumar ta fitar a 2025, cikin ɗalibai kusan miliyan biyu, sama da miliyan ɗaya da rabi ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Gaskiya ne an sami tangarɗar na'ura a Legas da jihohin kudu maso gabas, har aka sake wa kusan mutum 380,000 jarrabawa. Amma ko an cire waɗannan, abin da ya rage ya isa ya sa mai hankali ya gyara zama. A cikin daƙiƙa 40 babu abin da zai taimake ka sai wanda ya riga ya zauna a ƙirjinka.

To, yaya karatu ke zama a ƙirji? Wannan ku 'yan ajin hadda kun fi kowa sani. Ka ɗauki sabon karatu yau, ka biya shi gobe, ka koma masa bayan kwana uku, ka sake zuwa masa ranar muraja'a. Wanda ya bari sai daren musabaƙa sannan ya ɗauko izu biyar, kowa ya san yadda yake ƙarewa a gaban alƙalai. Wani malami Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya gwada wannan a kansa, ya wallafa a 1885 cewa mafi yawan abin da mutum zai manta cikin sabon karatu, a sa'o'in farko da ranar farko yake zubewa, kuma maimaitawa a rarrabe cikin kwanaki ta fi maimaitawa a zama ɗaya. Alarammomin tsangaya ba su ji sunansa ba, amma a kan haka suke tafiya tun kaka da kakanni. Abin mamaki shi ne, yaro ya riƙe wannan ƙa'ida da yamma a Islamiyya, ya kuma watsar da ita idan ya zo kan Kimiyya da Lissafi, alhali ƙwaƙwalwar ɗaya ce.

A nan waya take shigowa. Ba ta hana ka buɗe littafi, a'a, littafin yana buɗe a cinyarka. Sai dai ka karanta layi uku ta yi ƙara, ka ce bari in duba saƙo ɗaya. Daga WhatsApp ka faɗa TikTok, wanda aka gina shi yadda bidiyo na ƙarewa wani ya hau, babu inda aka tanada maka wurin tsayawa. Kafin ka ɗago kai an yi kiran Isha'i. Ka ce ka yi awa biyu kana karatu, amma in za a tace, minti ashirin ba su cika ba. Sa'an nan ga barci. Likitoci sun ce matashi mai shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar barcin awa takwas zuwa goma, kuma cikin barcin ne ƙwaƙwalwa take ɗaure abin da aka koya da rana. Wanda ya kai ƙarfe ɗaya na dare yana hira ƙarƙashin bargo, ya tashi Asuba, ka tausaya masa kawai a aji. Mu malamai daga idanu muke gane su.

Amma abin da ya fi damuna shi ne zaurukan satar amsa. Da zarar jarrabawa ta matso, sai a fara jefa yara cikin zauren WhatsApp ko Telegram, a ce ka tura kuɗi kaza za a ba ka tambayoyi da amsoshinsu tun da dare. Ya ɗana, ya 'yata, ki tsaya ki yi tunani. Da yawa cikin masu wannan sana'a 'yan damfara ne, tsofaffin tambayoyi suke sake wa riga, in kin biya su toshe lambarki. In kuma takardar gaske ce ta fita, to cutar ba ta tsaya kanki ke kaɗai ba. Ranar 28 ga Mayu 2025 an jinkirta takardar Turanci ta WAEC a wurare da yawa na ƙasar nan, har yara suka rubuta ta da dare da hasken tocila. Hukumar ta ba da haƙuri, ta ce ƙoƙarin toshe fitar tambayoyi yana cikin abin da ya jawo jinkirin. Yarinyar da ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba, ita ma ta kai dare a waje, iyayenta na tsaye a bakin makaranta hankali tashe. A 2024 kuma WAEC ta riƙe sakamakon ɗalibai sama da 200,000 don bincike kan maguɗi. Kuɗin rajista ya tafi, shekara na shirin bin sa. Bayan duk wannan, jarrabawa shaida ce, amana ce. Takardar za ta ce wa mutane ka iya abin da ba ka iya ba, gobe a ɗora ka kan marar lafiya ko kan ajin yara.

Akwai kuma abin da ke biyo bayan fitar sakamako. Kowa ya ɗauki hoton makinsa ya ɗora, mai 300 ya sha tafi, mai 170 ya shige ɗaki ya ƙi cin abinci. Ka sani wanda bai ci ba ba ya ɗora nasa, don haka abin da kake gani a waya ba shi ne dukan ajin ba. Wasu ma na bogi ne: a 2023 JAMB ta dakatar da wata ɗaliba shekara uku saboda ƙara wa kanta maki.

Ban ce a fasa waya da dutse ba. Akwai manhajojin gwajin JAMB da ke koya wa yaro amsawa a kan lokaci, kuma wanda bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba lallai ya je ya gwada kafin ranar. Abin da nake roƙo shi ne a raba mata lokaci. In za ka yi bita, ajiye ta a wani ɗaki, ba a gefenka a kife ba. Ka rufe littafi, ka tambayi kanka abin da ka karanta, kamar yadda kake ba abokinka hadda.

Ku kuma iyaye, Allah Ya ƙara muku haƙuri, ku karɓi wayar bayan Isha'i ta kwana a wurinku, a mayar da ita bayan an dawo makaranta. In yaro ya zo ya ce a ba shi kuɗin "taimako", ko a mai da rajistarsa wata cibiya ta musamman inda kowa ke ci, kada ku bayar. Ku zo makaranta tare da shi mu zauna, mu ga darasin da yake jin tsoro, a sama masa wanda zai yi masa bita tun da sauran watanni.

Wassalamu alaikum.