Darasi Ga Mawaƙa: Ta Da Waƙar Da Aka Daina Yi

'Yan'uwa, ku buɗe littafin waƙoƙinku ku ƙirga. Nawa muke rerawa a ciki? Kaɗan ne, kullum su muke maimaitawa. Littafin da ke hannun yawancinmu kalmomi ne kawai, muryar tana cikin kan tsofaffi. A ƙananan ekklesiyoyi na ƙauye, irin na wajen Surko a ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, wata waƙar tsohuwa ɗaya ce ta rage da saninta. Ran da aka binne ta, an binne waƙar ke nan.

Wannan ya taɓa faruwa a Jamus. Johann Sebastian Bach ya shirya babbar waƙa a kan shan wuyar Ubangiji bisa ga Bisharar Matiyu, aka rera ta a birnin Leipzig a 1727. Bayan rasuwarsa a 1750 sai aka bar ta kwance. A 1829 wani saurayi mai shekara 20, Felix Mendelssohn, ya ta da ita a Berlin. Da mutane kaɗan ya soma koyonta a gidansu. Ya kuma rage tsawonta ƙwarai, gama ya san jama'a ba su saba da ita ba. Waɗansu suna ganin laifinsa a kan wannan, amma mu muna ganin ya yi hikima.

To, yaya za mu yi? Da fari mu je wurin tsohuwar, mu zauna, ta rera sau uku ko huɗu. Wanda ya iya do-re-mi ya rubuta, mai waya kuma ya ɗauki muryarta. Kada mu yi saurin gyara mata. In ta bambanta da wani dattijo, a ji dukansu tukuna.

Sa'an nan mu kula da kalmomi, gama nan ne wuyar take. Da yawa cikin muryoyin nan daga Turai da Amurka suka zo, ba domin Hausa aka yi su ba. Murya takan ja gaɓar da Bahaushe ba ya ja. Mai waƙa yana nufin gari inda mutane ke zama, ya ja farkon kalmar, sai mai ji ya ji garin tuwo! Saboda haka mu karanta kowane baiti da ƙarfi kamar magana kafin mu rera shi, mu sa alama inda za a ja numfashi, kada a yanke kalma biyu.

Waƙa biyu ko uku sun isa taro ɗaya. A soma koyo bayan kaka, sa'ad da aikin gona ya yi sauƙi, amma a tuna hunturu yana busar da maƙogwaro, a ajiye ruwan sha kusa. Ran taron, mutum ɗaya ya karanta kalmomin a fili tukuna, tsohuwar kuwa a zaunar da ita a gaba, ita za ta ɗaga baiti na fari.