Direban katafila

Hanyar Tawa zuwa Arlit ta wuce kilomita 600. Ba da shebur da diga kaɗai aka yi ta ba, manyan injuna ne suka ɗauki nauyin aikin. Katafila tana ture ƙasa da duwatsu. Wani inji yana baje burji. Wani kuma yana bi yana danne shi kafin a zuba gudron.

Saurayin da ke son wannan sana'a ba daga kujera yake farawa ba. Yaron direba yake zama tukuna. Da sassafe yana duba mai da ruwa, ya sa giris, ya kakkaɓe ƙurar matatar iska. In ya yi sakaci, rairayi ya shiga inji ya cinye shi, aiki ya tsaya.

Sai maigidansa ya yarda da hankalinsa sannan ya ba shi tuƙi, a fili inda babu kowa.

Direba ba ya ganin abin da ke dab da bayansa, ƙara kuma tana hana shi jin kira. Shi ya sa yake zagaya injin kafin ya tada shi, don yaro ko akuya kan fake a inuwarsa.

Wanda ya yi makaranta ya fi saurin koyo. Yana karanta alamomin inji, yana rubuta awoyin aiki da litar gazuwal.

Tambayoyi
1. Mene ne aikin yaron direba da safe?
2. Don me direba ke zagaya injin?