Darasin Lissafi a Wayarka: Yadda Matsakaicin Samfur Yake Rarrabuwa

Ɗalibai da yawa na sakandare suna iya fitar da matsakaici cikin sauƙi, amma da zarar aikin gida ya zo kan rarrabuwar samfur sai kai ya ɗaure. Dalili shi ne a nan ba lambobi ɗai-ɗai ake kallo ba, matsakaitansu ake kallo. Da dayis ɗin ludo da manhajar Google Sheets ta waya ana iya fahimtar batun a zama ɗaya.

Mene ne samfur?

Kamfanin da ke ƙera batirin waya ba zai iya gwada duk batiran da ya ƙera ba. Sai ya ɗebi kaɗan ba tare da zaɓe ba, ya gwada su. Wannan ɗibar ita ce samfur. In aka sake ɗibar wasu, matsakaicin zai ɗan bambanta da na farko. In aka yi ta ɗiba ana rubuta matsakaicin kowace ɗiba, jerin matsakaitan nan shi ne rarrabuwar samfur.

Misali da dayis

Dayis yana da fuska shida, kuma kowace fuska damarta ɗaya ce da sauran. Matsakaicinsa, wanda littafi ke rubutawa da alamar μ, shi ne 3.5. Ma'aunin warwatsuwarsa, wato σ da ake kira sigma, kusan 1.71 ne.

Yanzu a jefa dayis biyu a ɗauki matsakaicinsu. Hanyoyi 36 ne za su iya faɗowa. Matsakaici 1 hanya ɗaya tak gare shi, wato ɗaya da ɗaya. Haka ma matsakaici 6. Amma 3.5 yana da hanyoyi shida: 1 da 6, 2 da 5, 3 da 4, sai kuma juyinsu. Ke nan matsakaitan sun fara taruwa a tsakiya.

Ƙa'idoji uku

Na farko, matsakaicin dukkan matsakaitan daidai yake da μ.

Na biyu, warwatsuwar matsakaitan ita ce σ/√n, inda n yake nufin yawan abin da ke cikin samfur. Ga dayis 25, √25 shi ne 5, don haka 1.71 a raba da 5 ya ba da 0.34. Ga dayis 100 kuwa 0.17 ne. Sai an ninka samfur sau huɗu kafin warwatsuwar ta ragu da rabi.

Na uku, in n ya yi yawa, zanen matsakaitan yana ɗaukar siffar ƙararrawa ko da asalin lambobin ba su da wannan siffar. Abraham de Moivre ya nuna wani ɓangare na wannan a 1733, sannan Pierre-Simon Laplace na Faransa ya faɗaɗa shi a 1810. Littattafai da yawa suna ɗaukar n na 30 zuwa sama a matsayin wanda ya wadatar.

Gwaji a waya

A buɗe Google Sheets, a rubuta =RANDBETWEEN(1,6) a gidajen A1 zuwa D1. A gidan E1 a rubuta =AVERAGE(A1:D1). A kwafi layin a liƙa har zuwa layi na 200. Sannan a wani gida daban a rubuta =STDEV(E1:E200). Amsar za ta riƙa yawo kusa da 0.85, wato 1.71 a raba da √4.

Irin tambayar aikin gida

A ɗauka cajin wani batiri yana kai matsakaicin awa 10, σ kuma awa 2. An ɗebi batir 64. Mene ne yiwuwar matsakaicinsu ya gaza awa 9.5?

Da farko a nemo σ/√n: 2 a raba da 8 ya ba da 0.25. Sai a nemo z: a cire 10 daga 9.5, a samu −0.5, a raba da 0.25, a samu −2. Teburin z ya nuna 0.0228, wato kusan kashi 2.3 cikin 100. A Sheets, =NORM.DIST(9.5,10,0.25,TRUE) zai tabbatar da amsar.

Kuskuren da ya fi cinye maki shi ne rabawa da 2 maimakon 0.25. Wannan yana ba da z na −0.25 da amsar kusan kashi 40 cikin 100, wadda ta shafi batiri guda ne kawai. Duk inda tambaya ta ambaci matsakaicin samfur, dole √n ya shigo.

Amfaninsa a wajen aji

Manhajar da ta samu tauraro 5 daga mutum huɗu a Play Store ba ta kai wadda ta samu 4.3 daga dubban mutane tabbaci ba, domin ƙaramin samfur yana lilo sosai. Sai dai yawa kaɗai ba ya isa. Ƙa'idojin nan suna aiki ne in an ɗebi samfur ba tare da zaɓe ba. Ƙuri'ar da mutum ya yi a gurup ɗinsa na WhatsApp ra'ayin abokansa kawai take nunawa, ko da mutum 500 ne suka amsa.