Ƙawata Allon Shago da Rubutun Hannu

Tambaya: Ina rubuta allunan shaguna a Babban Mutum, ƙaramar hukumar Baure. Salon rubutun shekarun 1950 yana burge ni. Ta ina zan fara?

Amsa: Ɗana, sirrin salon nan shi ne rage kwalliya. Haruffan Helvetica da aka fitar a Suwizalan a 1957 ba su da ƙawa a gefe, kaurin layinsu kusan ɗaya ne. Haka za ka yi: ja layi biyu da alli, sama da ƙasa, ka zana kowane harafi kafin buroshi ya taɓa fenti. Tazarar haruffa kuwa ido ke auna ta. A da T sukan bar fili tsakaninsu, sai ka matso da su, O kuma ta ɗan haura layi don kada ta fito ƙarama. Launi biyu sun isa, misali ruwan goro a kan baƙi.

Wurin da masu allo suka fi faɗuwa shi ne lanƙwasar ƙ, ɗ da ɓ. Ka ba ta kauri daidai da jikin harafin, kada ta zama ɗan wutsiya da aka liƙa daga baya.

Ka kuma zauna wajen mai zayyanar allon sauka, ka ga yadda yake raba fili da alƙalaminsa. Idan ka gama rubuta allon shagon, tsallaka titi ka duba. In mai babur ba zai karanta yana wucewa ba, goge ka sake.