Filin Shawarwari: Ina Son Shiga Tseren Rairayi, Wace Mota Zan Saya?

Ni matashi ne a Maiduguri, ina sana'ar sayar da wayoyi. Tun ina yaro nake son tseren mota, duk Janairu gasar Dakar ba ta wuce ni. Mu biyar ne abokai, muna so mu riƙa tsere a rairayi, ba irin wasan motar da ake yi a titi ranar biki ba. Na tara 'yan kuɗi. Wani dillali ya nuna mini babur mai ƙafa huɗu, Yamaha Raptor, wani kuma ya kawo tsohuwar Pajero gajera, da arahar da har ta sa ni zargi. Abokaina sun ce in ɗauki Pajeron, a ɗaga ta sama, a sa manyan tayoyi, a ƙara wa injin ƙarfi. Baba kuwa cewa ya yi da kuɗina nake neman ajalina. Wanne zan saya, kuma da me zan fara?

Naka, mai karatu daga Gwange.

To, ƙanena. Maganar Baba tana da tushe, don haka da ita za mu fara. Kafin mota, ina filin? Dakar ɗin da kake kallo ta shekara da shekaru tana ratsa Agadas da hamadar Tenere a Nijar. A 2008 aka soke ta saboda barazanar tsaro a Muritaniya, ta koma Kudancin Amurka a 2009, sannan Saudiyya a 2020. Gasa mai jiragen ceto da likitoci ma ta bar wurin da ba ta amince da shi ba. Dajin da ke kewaye da Maiduguri ba wurin yawo ba ne: akwai hanyoyin da ake binne nakiya, kuma motoci biyar da suka tayar da ƙura a guje za su iya jawo harbi kafin a tambaye ku ko ku su wane ne. Ku nemi fili a cikin gari ko gefensa, mai shi ya yarda, mai unguwa ya sani, ku karɓi izini a rubuce daga 'yan sanda da sojojin da ke kula da yankin. In bai samu ba, kuɗinka su ci gaba da kwana a banki.

Babur ɗin kuwa ka bar wa dillali abinsa. Tun Yulin 2011 aka hana hawa babura a Maiduguri, kuma sojan da ke shingen bincike ba zai tsaya ƙirga ƙafafu ba. Ban da wannan, ba shi da rufi ba shi da bel. In ya kife, a kan mahayinsa yake sauka. Kayan gyaransa ma sai ka yi oda ka zauna jira.

Pajero zaɓi ne mai kyau. Sau 12 Mitsubishi ta ci Dakar da motar da ke ɗauke da wannan suna, kodayake ta gasa daban take da ta kasuwa. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne bakaniken unguwarku ya san cikinta, kuma abin da aka rasa a gari ana samo shi a Ƙofar Ruwa ta Kano. Hilux da Land Cruiser sun fi ta ƙarko, amma sun fi tsada, kuma a Borno sun fi jan idon jami'an tsaro.

Sai dai zarginka yana kan hanya. A Satumbar 2024 madatsar Alau ta ɓalle, motoci da yawa suka kwana cikin ruwa, Gwangen taku ma shaida ce. Ka je da bakanikenka, ba na dillali ba. Ku ɗaga kafet ku nemi busasshen laka, ku duba tsatsa a ƙarƙashin kujeru da akwatin fis. A buɗe man giya da na dif. In ya yi fari-fari kamar an zuba madara, ruwa ya shiga. A sa giyar taimako a tabbatar ƙafafu huɗun duk suna ja. A haɗa lambar shasi da ta takardu, har da na kwastan.

In ta tsallake, ga yadda za ka kashe kuɗi bi da bi. Na farko kejin ƙarfe a cikin motar, na bututu mai kauri marar ɗinki, ba fayif ɗin ruwa ba, a kafa ƙafafunsa a kan faranti masu kauri. Sai bel mai riƙe kafaɗu biyu da ƙugu, hular kwano ta gaske, da tukunyar kashe gobara inda hannu zai kai.

Na biyu sanyaya inji. A Afrilu zafin Maiduguri yana haura digiri 40, ga inji yana kuka a ƙaramar giya, iska ba ta shiga sosai. A wanke lagireto ko a canja shi, a sa sababbin tiyo, a zuba ruwan sanyaya inji na galan maimakon na rijiyar burtsatse. Filtar iska kuma a duba ta bayan kowace fita, musamman da hunturu, don ƙura in ta wuce ta, ringin inji za ta nufa.

Na uku ƙafa. Shakazoba masu kyau, sababbin bushin, birki lafiyayye, da farantin da zai kare cikin motar daga ƙasa. Ɗagawar da abokanka ke so, kada ta wuce inci biyu: duk yadda mota ta ƙara tsawo, haka take ƙara saurin kifewa a kwana. Manyan tayoyi kuma suna wahalar da giya da aksul. Sirrin rairayi a iska yake. Tayar da ke shan 32 a kwalta, ka sauke ta zuwa 16 ko 18, sai tafinta ya baje ta daina nutsewa. Amma kada ka murɗa sitiyari da ƙarfi a haka, tayar za ta iya barin rim. Ka mallaki geji da famfo na kanka, ka mayar da iskar kafin ka hau titi.

Ka kuma san ƙasarku. Maiduguri tana kan tudun rairayin da ya miƙa ta Bama, tsohuwar gaɓar Tafkin Chadi ce. Gabas wajen Dikwa kuwa firgi ne, baƙar ƙasar da ke tsagewa da rani, ta riƙe taya da damina. Saitin da ya dace da ɗaya bai dace da ɗayan ba.

Ƙarin ƙarfin inji shi ne na ƙarshe, ka bar shi sai ka shekara kana tuƙi. Ranar fita, ku tafi da shebur, igiyar ja, ruwan sha da motar rakiya, 'yan kallo su tsaya nesa da kwana. Kuma ku fara da tseren agogo: mota ɗaya ta zagaya ita kaɗai, a rubuta mintinta, sannan ta gaba ta shiga. Haka za ku san gwaninku ba tare da kun yi karo cikin ƙura ba. Allah ya tsare.