Inshorar Gida: Abin da Ya Kamata Kowane Magidanci Ya Sani

Kowace shekara da hunturu ya shigo sai labarin gobara ya yawaita. Wani gida kaskon garwashi aka bari a ɗaki, wani hitar dafa ruwa aka manta a bokiti, wani kuwa wutar lantarki aka kawo da ƙarfi cikin dare. Da damina ta faɗi kuma sai a koma maganar ambaliya da rushewar gini. A watan Maris na 2016 gobara ta cinye dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari ta Kano. A watan Satumba na 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye unguwanni da yawa na Maiduguri. Mafi yawan waɗanda irin wannan musiba ke auka wa ba su da madogara sai jajen 'yan'uwa da ɗan tallafin gwamnati, wanda ba ya mayar da abin da aka rasa. Hausawa na cewa in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Wannan takarda za ta yi bayanin hanya guda ta yin haka, wato inshora, da yadda mai iyali zai shige ta da idonsa a buɗe.

Mece ce inshora?

Inshora yarjejeniya ce. Mutane da yawa kowa ya zuba ɗan kuɗi kaɗan a asusu ɗaya kowace shekara, da sharaɗin duk wanda asara ta same shi a cikinsu za a biya shi daga asusun. Gidaje dubu ba sa ƙonewa a shekara ɗaya. Abin da dubun suka tara shi ke tayar da 'yan ƙalilan da abin ya shafa. Ta yi kama da adashi ta fuskar zubi, amma akwai bambanci babba: a adashi kowa yana jiran kwasarsa, a inshora kuwa wanda ya yi asara ne kaɗai ke karɓa. Wanda shekara ta ƙare masa lafiya bai yi faɗuwa ba, domin ya kwana da kwanciyar rai, kuma kuɗinsa ya taimaki wani.

A Najeriya hukumar NAICOM, wadda aka kafa a 1997, ita ke ba kamfanonin inshora lasisi, ita ke kuma sa musu ido. Duk wanda ba shi da lasisinta ba shi da ikon karɓar kuɗin kowa da sunan inshorar dukiya.

Me addini ya ce?

Wannan ita ce tambayar farko a bakin mutanenmu, kuma tambaya ce mai kyau. Malamai da yawa sun soki inshorar kasuwanci saboda garari da riba da ke cikinta. A 1985 Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, mai mazauni a Jidda, ta yanke cewa wannan nau'in bai halatta ba, amma ta halatta inshorar taimakon juna wadda aka gina a kan kyauta. Ita ce ake kira takaful. Kamfanin farko irin wannan an buɗe shi a Sudan a 1979. A nan Najeriya NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, kuma yanzu akwai kamfanonin da wannan ce kaɗai sana'arsu, kamar Jaiz Takaful da Noor Takaful.

A takaful, abin da ka zuba gudummawa ce ga asusun mahalarta. Kamfani wakili ne mai kula da asusun, yana ɗaukar ladan aikinsa. Ba a juya kuɗin a harkar da ta saɓa wa shari'a, akwai kwamitin malamai da ke duba ayyukan kamfanin, kuma idan an sami rara bayan an biya masu asara, ana iya raba wa mahalarta bisa ƙa'idar da aka shimfiɗa. Inshora ba ta hana ƙaddara, kuma babu mai hankalin da ya ce tana hanawa. Riƙo da sababi ne, kuma riƙo da sababi ba ya kore tawakkali.

Gini daban, kaya daban

Abu na farko da mai gida zai gane shi ne cewa ana yi wa gini inshora daban, kayan cikinsa daban. Idan kana zaune a gidan haya, inshorar mai gida, in ma yana da ita, bango da rufi kawai ta shafa. Gadonka da firjinka da keken ɗinkin matarka ba sa ciki. Ɗan haya shi zai yi wa kayansa da kansa.

Abu na biyu, takardar inshora tana biyan abin da aka rubuta a cikinta ne kaɗai. Inshorar gobara zalla ta shafi wuta da tsawa. Ambaliya da guguwa da fashewar bututun ruwa sai an nemi a ƙara su. Wanda gidansa ke kusa da kwari ko bakin kogi ya tabbata ya ga kalmar ambaliya a rubuce kafin ya sa hannu. Haka inshorar sata: galibi sai ɓarawo ya fasa ƙofa ko taga, ko ya yi amfani da ƙarfi. Idan an bar ƙofa a buɗe wani ya zare waya ya fita, da wuya a biya. Tsabar kuɗi da gwal da takardu masu daraja su ma ba kasafai suke shiga ba, sai an ambace su tun farko.

A nan ya kamata mata su sa baki. A gidan Bahaushe yawancin dukiyar da ke ɗaki ta matar ce: gado da katifa, kujeru, kwanuka da tangaran na jere, atamfofin lefe, sarƙa da 'yan kunne. Iyayenta sun yi shekaru suna tari kafin su haɗa mata. Idan maigida ya tashi lissafin kayan gida, ya zauna da uwargida su bi ɗaki ɗaki, su rubuta komai da kuɗinsa na yau a kasuwa, su ɗauki hoto da waya. In gidan mai mata biyu ne ko fiye, a rubuta na kowace daban, don kada rabon diyya ya zama abin rigima. A ajiye kwafin wannan lissafi da rasitai a wani wuri da ba gidan ba, domin takardar da ta ƙone tare da kaya ba ta yi wa kowa shaida.

Faɗi gaskiya, kuma faɗi cikakken kuɗi

Kamfani bai san gidanka ba. Da abin da ka gaya masa yake aiki. Saboda haka doka ta ɗora maka faɗin duk abin da zai iya ƙara haɗari. In kana ajiye jarkokin fetur a zaure, ko ana suyar ƙosai na sayarwa a tsakar gida, ko ka mai da ɗaki guda sito, ka faɗa. Wanda ya ɓoye don a rage masa kuɗi, ranar da wuta ta tashi daga wajen nan kamfani yana da hujjar ƙin biya.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne rage darajar kaya. Ga misali. A ce kayan gidan wani magidanci sun kai naira miliyan 4, amma don ya biya kaɗan sai ya rubuta miliyan 2. Gobara ta cinye ɗaki ɗaya, asarar ta kama miliyan 1. Yana tsammanin za a ba shi miliyan 1 cif, tunda bai wuce abin da ya rubuta ba. Ina! Kamfani zai ce rabin dukiyarka ka yi wa inshora, don haka rabin asara za mu biya, wato naira 500,000. Sauran rabin shi ya ɗaukar wa kansa. Tunda farashi kullum hawa yake, a riƙa sabunta lissafin duk shekara. Ga gini kuma, kuɗin sake gina shi a yau ake rubutawa, ban da kuɗin fili, domin fili ba ya ƙonewa.

A kuma tambayi nawa ne kason farko na asara da ke kan mai inshora. Yawancin takardu suna da wani adadi da za a cire kafin a biya, don kada a riƙa neman diyyar kowace ƙaramar ɓarna.

Mota da lafiyar iyali

Bayan gida da kayansa, duk mai abin hawa doka ta tilasta masa inshorar da ke biyan wanda ya yi wa ɓarna a hanya. Tun daga Janairun 2023 kuɗinta ga motar gida naira 15,000 ne a shekara, kuma tana biyan ɓarnar dukiyar wani har naira miliyan 3. Ba ta gyara motarka. Wanda ka buge take biya. Mutane da yawa suna ɗaukarta takardar nuna wa ɗan sanda kawai, har su yi haɗari su sayar da kadara su biya, alhali haƙƙinsu na nan a kamfani.

Ta fuskar lafiya, dokar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta wajabta wa kowa shiga tsarin, kuma jihohi suna da hukumominsu na taimakekeniyar lafiya, kamar KSCHMA a Kano. Mai iyali ya je ofishin jiharsa ya tambayi yadda ake rajistar mata da yara, da asibitin da za a haɗa su da shi.

Idan abin ya faru

Idan gobara ta tashi, da farko a ceci rai, a kira 'yan kwana-kwana. Bayan haka:

1. A sanar da kamfani nan take, a rubuce, kada a wuce wa'adin da ke cikin takarda.
2. A karɓi rahoton hukumar kashe gobara, ko na 'yan sanda idan sata ce.
3. A ɗauki hoton wurin, kuma kada a kwashe toka da ɓaraguzai sai mai ƙiyasta asara ya zo ya gani.
4. A kawo lissafin kaya da rasitai, ba ƙari ba ragi. Ƙarya guda tana iya rushe dukan neman diyya.
5. Kada a sa hannu a takardar amincewa da adadin kuɗi sai an karanta an gamsu.

Idan kamfani ya yi ta jan ƙafa ko ya ƙi biya ba dalili, NAICOM tana da sashen karɓar koke, kuma ƙofar kotu a buɗe take.

Hattara da 'yan damfara

Ƙa'ida ce a Najeriya cewa in ba a biya kuɗi ba, babu inshora. Alkawarin baki ba ya aiki, kuma ranar da shekara ta cika ba a sabunta ba, kariya ta yanke. A biya ta asusun kamfani, ba asusun wani mutum ba, a karɓi rasit da cikakkiyar takardar yarjejeniya. Takardun mota na jabu sun yi yawa a bakin ofisoshin lasisi. Ana iya duba lambar mota a rumbun bayanan kamfanonin inshora, wato NIID, a ga ko ta gaske ce. Wanda ba ya jin Turanci ya tafi da ɗansa ko wani amintacce, a fassara masa sharuɗɗan, musamman shafin da ya jera abubuwan da ba a biya.

Kammalawa

Inshora ba ta maye gurbin kula. A kashe kayan lantarki in za a fita, a rufe tukunyar gas bayan girki, a ajiye janareta a waje, a yashe magudanar ruwa kafin damina. Sannan a tuna ba a fafe gora ranar tafiya: kamfani ba ya karɓar gidan da wuta ta riga ta kama. Maigida ya zauna da iyalinsa a rubuta abin da aka mallaka, ya je kamfani biyu ko uku masu lasisi ya ji farashinsu da sharuɗɗansu, ya zaɓi wanda ya dace da ƙarfinsa da aƙidarsa. Allah Ya kare mu daga gobara da ambaliya, Ya sa mu gama lafiya.