DARASIN YAU: Zarto da guduma ma kayan kiwo ne

 

Sau da yawa mutum zai tara ɗan jarinsa da ƙyar, ya ce zai fara da kaji ashirin ko tarwaɗa ɗari biyu. Kafin ya sayi tsako ko ɗaya, kuɗin sun tafi wajen akwatin ƙwai, mazubin abinci da firam ɗin tanki. Ranar da kaji suka iso, babu kuɗin buhu na biyu na abinci. A nan kiwon mutane da yawa yake mutuwa tun bai miƙe ba.

Alhali yawancin waɗannan kayan katako ne da ƙusa kawai. Wanda ya iya riƙe zarto zai haɗa su a tsakar gidansa bayan la'asar. Ku duba masuntan Argungu. Tun 1934 ake bikin kamun kifi, har UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016, amma masuncin da ke shiga Matan Fada da homa da gora ba ya jiran wani ya ɗinke masa raga in ta yage. Shi ke gyara kayan aikinsa. Mai kiwo ma haka ya kamata ya zama.

Yau za mu koyi abu uku, sannan mu ga abin da za a yi da guntayen da suka rage.

KAYAN AIKI

Ba sai ka sayi inji ba. Zarto, guduma, tef na awo, sukwaya, fensir da samfefa sun isa. Sai ƙusa mai inci 2 da mai inci 3. In akwai tsaga falanki a tsaye, ka ba masu inji a 'yan katako su tsaga maka tun a can. Kuɗin kaɗan ne, kuma layin zai fita a miƙe.

Doka ɗaya tun daga farko: ka auna sau biyu kafin ka ɗora zarto. Katakon da aka yanke ba ya komawa.

ZAƁEN KATAKO

Farin katako ba shi da nauyi kuma yana da sauƙin yanka, shi ya dace da mai koyo. Amma gara na son sa, ruwa kuma na saurin ruɓar da shi. Don haka a yi jikin akwati da shi, ƙafafun da za su taɓa ƙasa kuma a nemi mai ƙarfi, kamar jan katako, dogon yaro ko azarar giginya. Iyayenmu ba banza suka riƙa rufin soro da azara ba, gara ba ta cika iya mata ba.

Kada ka yi aiki da ɗanyen katako. Ni kaina na taɓa yin wannan kuskuren. Na haɗa mazubi da falankin da bai bushe ba, ya yi kyau kamar a kai kasuwa. Hunturu na shigowa katakon ya tsuke, gindin ya buɗe baki, abinci ya riƙa tsiyaya ƙasa ban lura ba sai da na ga ɓeraye sun yi yawa. In ka sayo falanki ka ji shi da nauyi da sanyi a hannu, ka jera shi a inuwa, ka sa 'yan sanduna a tsakani don iska ta ratsa, ka ba shi mako biyu zuwa uku. Kada ka baza shi a tsakiyar rana, lanƙwashewa zai yi.

Don aikin kaji ashirin, ka sayo falanki uku masu faɗin inci 12 da tsawon ƙafa 12, da tubaitu huɗu.

1. AKWATIN ƘWAI

Kaza tana son wuri mai ɗan duhu da natsuwa in za ta yi ƙwai. In ba ta samu ba sai ta yi a ƙasa. Ƙwan ƙasa yana ɓaci da kashi, yana fashewa, kuma da zarar kaji sun ɗanɗana fasasshen ƙwai sai su koyi shan sa. Wannan hali in ya shiga garke, fitar da shi aiki ne.

Ɗaki ɗaya yana isar kaji huɗu zuwa biyar. Girmansa ƙafa ɗaya faɗi, ƙafa ɗaya zurfi, ƙafa ɗaya tsayi. Kaji ashirin, ɗaki huɗu ke nan.

Ga yadda za ka yi:

Falanki na farko ka yanka shi gida uku, kowane ƙafa 4. Ɗaya gindi, ɗaya baya, ɗaya rufi.

Daga na biyu ka yanko guda biyar masu ƙafa ɗaya ɗaya. Biyu su ne gefe da gefe, uku su raba ɗakunan.

Ka fara buga gindi da baya, sannan ka tsayar da guda biyar ɗin, ka duba kowanne da sukwaya, sai rufi a ƙarshe.

A gaba ta ƙasa ka buga siririn katako mai faɗin inci 4 daga wannan gefe zuwa wancan. Shi ke hana shimfiɗa da ƙwai faɗowa.

Ka yi masa ƙafafu da tubaitu ya tashi daga ƙasa kamar ƙafa ɗaya da rabi. Ka buga sanda a gaban ƙofofin wadda kaza za ta fara taka kafin ta shiga.

A sama ka jingina guntun kwano a karkace. In rufin a kwance yake, a kai za su riƙa kwana suna kashi.

Shimfiɗar ciki kuwa, mu nan Allah ya hore mana. Ƙasar shinkafa muke, ɓuntu ba ya wuya daga Birnin Kebbi har Argungu, wajen manyan injinan casa da ƙanana. A zuba busasshe mai kaurin inci 2 zuwa 3, a canza in ya ɓaci. A sa akwatin tun kaji suna mako 16 zuwa 17, su saba da shi kafin su fara ƙwai.

Ƙarin bayani: sandar da za su hau su kwana ta fi akwatin ƙwai tsayi. Kaza wuri mafi tsayi take nema da dare. Kowace a ba ta kamar inci 8 zuwa 10 a kan sandar, a goge kaifin tubaitun da samfefa don kada ya ji musu a ƙafa.

2. MAZUBIN ABINCI

A nan kuɗin yake. Abinci shi ke cin kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na kuɗin kiwon kaji. Kazar ƙwai tana cin wajen giram 120 a rana. Kaji hamsin, kilo 6 ke nan kullum. A ce kashi ɗaya cikin goma yana zubewa saboda a faranti ko tsohon tire kake ba su, suna shiga ciki suna tona. Giram 600 ke nan a rana, kilo 18 a wata. Buhu kilo 25 ne. Ka ga kusan kashi uku cikin huɗu na buhu ka ciyar da ɓera da kiyashi duk wata.

Daga falanki na uku ka yanko ƙafa 4 sau biyu, a tsaga kowanne biyu a tsaye. Za ka samu guda huɗu masu faɗin inci 6. Ɗaya gindi, biyu gefe, na huɗun ka yanko murafun baki biyu daga jikinsa. Murafun su ɗara gefen tsayi da kamar inci 4.

Yanzu ga sirrin. Ka samo miƙaƙƙiyar sanda ko gora, ka ratsa ta daga murfi zuwa murfi ta sama. Ka huda murafun, ka sa ƙusa ɗaya a kowane bakin sandar ta ratsa hudar, yadda sandar za ta riƙa juyawa. Kaza in ta hau sai ta juya da ita ta sauko. Sau biyu uku za ta daina. Babu kashi a abinci, babu tono.

A saman gefunan ta ciki ka buga siririn katako mai inci ɗaya ya zama leɓe, yana tare abincin da suke watsowa da baki. Bakin mazubi ya zo daidai gadon bayan kaza, suna girma kana ƙara masa tsayi da bulo. Kuma kada a cika shi fal. Kashi ɗaya cikin uku, in ya yi yawa rabi.

Mazubi mai ƙafa 4 da ake ci ta gefe biyu ya ishi kaji ashirin su ci lokaci ɗaya ba tare da manya sun danne ƙanana ba.

3. FIRAM ƊIN TANKIN TAMFOL

Masu tarwaɗa, ku natsu a nan. Wannan ba aikin farko ba ne. Sai hannunka ya faɗa da na sama tukuna.

Dalili shi ne nauyin ruwa. Lita ɗaya kilo ɗaya ce. Tanki mai mita 2 faɗi, mita 2 tsawo, da ruwa santimita 80, yana ɗauke da lita 3,200. Fiye da tan uku ke nan. In firam ya buɗe da tsakar dare, da safe kifin wata huɗu za ka tarar a ƙasa, abincin da suka ci duk ya tafi a banza.

Saboda haka:

A yi amfani da tubaifo mai ƙarfi, ba tubaitu ba. Araha ba ta ado.

Ginshiƙai kada su wuce ƙafa biyu tsakaninsu, a kafa su cikin ƙasa sosai.

Katakon da ke kwance ya kasance ta ciki, ginshiƙi ta waje, don in ruwa ya turo, katako ya danna ginshiƙi maimakon ya zare ƙusa.

Ƙarfin turin ruwa a ƙasa ya fi yawa. Layukan ƙasa su fi kusa da juna, na sama su ɗan yi tazara.

A kusurwa a ɗaure da noti, ƙusa kaɗai ba ta isa.

Ka bi cikin firam ɗin da tafin hannunka. Duk tsinin ƙusa ko kaifin katako da ka ji, tamfol ma zai ji. A goge, a rufe da tsohon buhu ko kwali.

Ƙasan ya zama a baje, a shimfiɗa yashi mai laushi marar tsakuwa.

Ranar farko a zuba ruwa rabi, a kwana, a duba ko wani wuri ya turo ciki. Sannan a cika. Kada a zuba kifi sai an gama wannan gwajin da jiƙa sabon tamfol.

A yi masa rumfa. Zafinmu na Maris zuwa Mayu yana haura digiri 40, yana dafa ruwa, yana cin tamfol. A kuma rufe saman da raga, tarwaɗa na tsalle.

ABOKAN GABA UKU

Gara. Ƙafar katako kada ta zauna kai tsaye a ƙasa, a ɗora ta a kan bulo ko dutse. A shafa maganin gara na kafintoci a ƙafafu kawai, ya bushe sarai kafin a shigar ɗakin kaji. Masu shafa baƙin mai, don Allah kada ya kusanci mazubin abinci, cikin akwatin ƙwai ko ruwan kifi. Guba ne.

Damshi. Wanda ke kusa da fadamar Rima ya san halin Agusta da Satumba, ambaliyar 2020 ba ta bar mana mantuwa ba. Duk abin da za ka haɗa ya zama mai ƙafa, kuma mutum biyu su iya ɗaga shi.

Ƙuma. Da rana tana ɓuya a tsagar katako, da dare ta fito ta sha jinin kaji, ƙwai ya ragu ba ka san dalili ba. Kada ka manne akwati da bango har abada. Lokaci lokaci a fitar da shi, a kakkaɓe, ya sha rana, a shafe da farar ƙasa.

GUNTAYEN DA SUKA RAGE

Kada ka ba wuta. Daga falanki na biyu za ka samu ragowar da ta kai ƙafa uku. Ka yanki inci 14 ya zama mazauni, inci 8 sau biyu su zama ƙafafu, ka haɗa su da guntu ɗaya a ƙasa, ka goge sosai. Kujerar tsugunno ke nan. Ka kai wa Inna ko uwargida ka ga yadda fuska za ta sake. Abin da ka yi da hannunka, darajarsa daban da na saye.

Da ragowar na ukun za ka iya yin 'yar kanta ta ajiye magani da littafin lissafin gona, nesa da hannun yara. Ko motar katako ga ƙaramin yaro da salla. Kyautar da ta fi burge ni kuwa ita ce ɗan akurki mai raga da kaji biyu na gida a ciki, ka ba ƙanwarka ko wata gwauruwa a unguwa. Ka ba ta abin da zai haihu.

Dusar katako mai laushi da zarto ke zubarwa, kada a shimfiɗa wa 'yan tsaki, suna ci su ɗauka abinci ne. Mai kauri wadda injin goge katako ke fitarwa ita ce ta shimfiɗa.

Wannan ba raina kafintoci ba ne. Rufin ɗakin kaji da duk aikin da in ya faɗi zai ji wa mutum, a kira mai sana'a. Kai ma ka je ka zauna kusa da shi yini ɗaya ka ga yadda yake riƙe zarto, gani ya kori ji.

AIKIN GIDA

Wannan makon ka je wajen kafinta ka tambayi kuɗin akwatin ƙwai mai ɗaki huɗu. Ka wuce 'yan katako ka tambayi kuɗin falanki biyu da ƙusa. Ka cire wannan daga wancan, ka ga kilo nawa na abinci bambancin zai saya maka. Sannan ka fara da mazubi, shi ya fi sauƙi. Na farko zai karkace, ba komai, kaza ba ta duba sukwaya. Na uku kuwa maƙwabcinka zai tambaye ka inda ka saya.

Wanda ya haɗa nasa ya turo mana hoto mu gani, mu gyara wa juna. Allah ya sa albarka a kiwonmu, ya kare mana dabbobinmu daga annoba. Amin.